Akwatunan Doris Duke

A shekarar 2009 gidauniyar da ke riƙe da dukiyar Doris Duke ta tattara takardun da marigayiyar ta bari, ta miƙa su ga Jami'ar Duke da ke garin Durham a jihar North Carolina ta Amurka. Akwatuna ne ɗaruruwa. A cikinsu akwai wasiƙu, da littattafan lissafin kuɗin gidajenta, da zanen magina, da takardun lauyoyi, da fina-finan da aka ɗauka a gida da wajen tafiya, da dubban hotuna, wasu tun na zamanin iyayenta kafin a haife ta. Yau suna ɗakin karatu na Rubenstein, sashen da jami'ar ke adana takardun da ba su da na biyu. An jera su, an ba kowane akwati lamba, akwai kuma ma'aikatan da ake biya albashi don kada zafi ko laima ko ƙwaro su taɓa su. Mai hankali zai iya tambaya, saboda me? Matar nan ba ta mulki ƙasa ba, ba ta ja rundunar yaƙi ba, ba ta bar littafin da ake karantarwa a makaranta ba. Kuɗi ta gada, ta gina gidaje, ta yi tafiye-tafiye, masu ɗaukar hoto suka yi ta bin ta har ta tsufa. Ni dai ina ganin ajiyar ta dace. Sai dai babban dalilina yana ga mutanen da suka faɗo cikin akwatunan ba da niyyar kowa ba, da kuma kayan da takardun suka bi sawunsu daga inda aka ɗauko su har inda suka ƙare.

An haifi Doris a Niyok ranar 22 ga Nuwamba 1912. Ita kaɗai ce 'yar James Buchanan Duke, mutumin da ya rungumi injin naɗe sigari tun wajen 1884, lokacin da sauran masu sana'ar ke naɗewa da hannu. Ya kafa American Tobacco Company a 1890, ya mamaye kasuwar sigarin Amurka har sai da kotun ƙoli ta ba da umarnin a wargaza kamfanin a 1911. Shi ne kuma shugaban farko na British American Tobacco da aka kafa a 1902, kamfanin da daga baya reshensa ya kai har Zariya da masana'antar taba, saboda haka hayaƙin wannan gida ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1924 ya ware dala miliyan 40 ya kafa asusun da ya sa kwalejin Trinity ta koma Jami'ar Duke. Shekara ɗaya bayan haka ya mutu, Doris tana da shekara 12, jaridu suka laƙaba mata sunan yarinyar da ta fi kowace yarinya kuɗi a duniya. Ta mutu a watan Oktoba 1993, ta bar dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 1.2, mafi yawanta ta tafi ga gidauniyar da ke ɗauke da sunanta.

Kafin a shiga cikin akwatunan, ya kamata a gane abin da ke sa gidan mai kuɗi haifar takarda. Mai gida ɗaya da baki yake ba da umarni, da hannu yake biya, maganar ta wuce da iska. Doris tana da katafariyar gona a New Jersey, da gidan Rough Point a Newport, da Falcon Lair a Beverly Hills, da masauki a Niyok, da Shangri La a Honolulu, tsakanin wasunsu akwai faɗin nahiya da rabin teku. Duk inda take, tana nesa da sauran huɗun. Dole ke nan kowane umarni ya zama wasiƙa ko wayar tangaraho, kowace sayayya ta zama rasit da sakatare zai kai wa akanta, kowane kaya da ya ƙetare iyaka ya bar takarda a wurin kwastan da kamfanin inshora. Hukumar haraji ma tana jira, ga lauyoyi da ba sa yarda a yar da komai. Waɗannan takardu ba don tarihi aka rubuta su ba, don kada kuɗi ya salwanta ne, kuma a nan amfaninsu yake. Mai rubuta wasiƙa ga masoyi ko ga ɗan jarida yana gyara fuska, ya san ana kallonsa. Akawun da ke rubuta adadin akwatunan tayil da suka sauka daga jirgin ruwa, da ranar da suka sauka, da wanda aka biya, ba ya tunanin mai karatu na shekara tamanin masu zuwa. Ba na cewa rasit ba ya ƙarya. Dillalai sun sha rage farashi a takarda don sauƙin kuɗin fito. Amma ƙaryarsa ƙarama ce, kuma sau da yawa wata takardar da ke kusa da shi takan tona ta.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne gidanta na Honolulu. A watan Fabrairu 1935 Doris ta auri James Cromwell, suka fita yawon amarci na kusan wata goma, ta Masar da Indiya da gabashin Asiya, suka ƙare a tsibirin Hawai. A Indiya ta ga Taj Mahal, aikin dutsen marmaran da ke jikinsa ya kama mata zuciya, nan take ta ba kamfanin magina na Blomfield da ke Delhi aikin tsara mata ɗakin kwana da na wanka irin na sarakunan Mughal. A Agra aka sassaƙa marmaran, aka huda shi ya zama raga mai shigar da iska da haske, aka dasa masa furanni na duwatsu masu launi. Da farko an yi niyyar kai kayan Palm Beach ne, gidan surukarta a Florida, sai zaman Hawai ya yi mata daɗi ta sauya shawara, ta sayi fili kusa da dutsen Diamond Head a bakin teku, aka gina Shangri La tsakanin 1936 da 1938 bisa zanen Marion Sims Wyeth. A 1937 ta ba kamfanin René Martin da ke Rabat a Maroko aikin rufin falo na katako mai fenti, da ƙofofi, da aikin farar ƙasa da aka sassaƙa. Duk wannan jerin, wa aka ba aiki, yaushe, me aka sauya a zane, me ya iso a makare, daga takardun gidan aka san shi. Wanda ya shiga gidan yau ba tare da su ba zai iya ɗauka cewa kayan tsoffi ne da aka ɓamɓaro daga fadoji, alhali da yawansu sabon aiki ne na mutanen da ke raye suna cin abinci da sana'arsu a shekarun 1930.

Labarin birnin Isfahan na Iran ya fi kowanne nuna abin da nake nufi. A 1938 Doris da mijinta suka tafi Iran, tare da Mary Crane, ɗaliba mai nazarin fasahar ƙasashen Musulmi, kuma Arthur Upham Pope, Ba'amurken da ya yi suna a harkar kayan tarihin Iran, shi ya share musu hanya. Sun ɗauki hotuna da fim na gine-ginen zamanin sarakunan Safawiyya, musamman fadar Chihil Sutun, wadda aka kwaikwaya wajen gina ɗakin baƙi da ke gefen wurin ninkaya a Shangri La. Ta hannun wani dillali mai suna Ayoub Rabenou ta ba da aikin tayil mai yawa a yi mata a Isfahan, ciki har da babban bango da aka kwaikwayo daga ƙofar Masallacin Shah. Irin wannan aikin ba wasa ba ne: ana gasa tayil kowane launi daban, a yanka shi ƙanana-ƙanana da guduma mai kaifi, a jera gutsattsarin a kife bisa zane, sannan a zuba farar ƙasa a bayansu ta haɗe su. Sana'a ce da ta ja baya ƙwarai bayan zamanin Safawiyya, ta sake farfaɗowa a zamanin sarkin Iran Reza Shah lokacin da aka tashi gyaran manyan masallatan birnin. Ma'ana, hannayen da suka yi wa Doris aiki daga cikin tsarar da ta maido da sana'ar suke. Tun da mai kayan tana can bayan duniya, sai da aka riƙa aika mata hotunan aikin yana tafiya don ta ga inda kuɗinta ya shiga. Hoton da aka ɗauka don gamsar da mai biya ya zama shaidar yadda wurin aikin yake da mutanen da ke cikinsa. Keelan Overton, wadda ta yi aikin kula da kayan Shangri La, ta dogara da irin waɗannan takardu ta rubuta nazari a 2012 kan yadda aka farfaɗo da fasahar Safawiyya a Isfahan tsakanin 1920 da 1940. Mai son tarihin magina da masu tayil na Iran, dole wata rana ya buɗe fayil ɗin wata Ba'amurkiya 'yar mai taba. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, in ji Bahaushe, ko da yake a nan wanda ya sha ruwan shi ne ya gina kaskon.

Akwai iyaka ga wannan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Sunan da takardun suka fi riƙewa na dillali ne da na mai kamfani: Blomfield, Martin, Rabenou. Su ne ke sa hannu a kwangila, su ake aika wa cek. Mai riƙe da gudumar yakan bayyana a matsayin fuska a hoto ko adadi a lissafi. Wannan rashi ne na gaske. Amma fuska da adadi da kwanan wata da sunan gari sun isa mai bincike ya fara bin sawu, ya haɗa da abin da zuriyar masu sana'ar suka riƙe a ka, da takardun hukumomin can. Inda babu ko wannan, ba abin da za a fara da shi.

Sai maganar mihrabi, wadda ita ce mafi nauyi a zuciyar duk Musulmin da ya ji ta. A garin Waramin, kudu maso gabas da Tehran, akwai hubbaren Imamzada Yahya. An ƙawata cikinsa da tayil mai ƙyalli kamar zinariya, irin wanda garin Kashan ya shahara da shi, aka kuma kafa masa mihrabi mai tsayin da ya haura mita uku, cike da ayoyin Alƙur'ani. Wanda ya yi shi ya rubuta sunansa a jiki, Ali ibn Muhammad ibn Abi Tahir, ɗan gidan da suka gaji wannan sana'a kaka da kakanni, ya kuma sa shekara, 663 bayan Hijira, wato 1265. A ƙarshen ƙarni na 19 aka yi ta ɓamɓare tayil ɗin hubbaren ana sayarwa, har suka watsu a gidajen tarihi da dama, daga Landan zuwa St Petersburg. Mihrabin shi ma aka cire shi, ya bi ta birnin Paris, ya shiga hannun dillali Hagop Kevorkian, daga wurinsa Doris ta saye shi a 1940. Yau yana Honolulu, an kafa shi inda idon wanda ke falo zai sauka a kansa, a ɗakin da ba a gina don salla ba. Mutum yana iya ganin cewa ta ceci abin daga yawo a hannun 'yan kasuwa, yana kuma iya ganin cewa kuɗi irin nata su ne suka sa ake ɓamɓare bangon wuraren ibada tun farko, don in babu mai saye babu mai sata. Ni na fi karkata ga na biyun, ko da yake ba ita ta cire shi ba, an yi hakan tun ba a haife ta ba. Amma kowane ɓangare mutum ya tsaya, da takarda zai yi hujja. Duk wanda zai ce a mayar da mihrabin, ko a ba da aronsa, ko a rubuta gaskiyar tafiyarsa a gefensa, sai ya san daga wa aka saya, a wace shekara, ta wace hanya ya shiga Amurka. Da magadan dukiyar sun ƙone fayil ɗin don tsare sunan marigayiya, da mihrabin yana nan daram, shaidar ce kaɗai za ta tafi.

Masu sukar irin wannan ajiya suna da magana mai ƙarfi, kuma ta fi ƙarfi a Durham ɗin kanta. Dukiyar gidan Duke daga ganyen taba ta fito, kuma aikin da ya fi wahala da ƙura da ƙarancin lada a masana'antun garin, wato zare jijiyar ganye da hannu, matan baƙar fata ne suka fi yin sa. Ina akwatunansu? Ba su da sakatare, ba su da ɗakin da zai riƙe takarda shekara hamsin ba tare da yoyo ko tashin haya ya ci ta ba. Mai kuɗi ya fi su a raye, ga shi ya sake fin su bayan mutuwa, domin abin da aka adana shi ake rubuta littafi a kansa, abin da aka rubuta shi ake tunawa. Na yarda da wannan ƙorafi gaba ɗayansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganinsa a yi watsi da takardun masu kuɗi. In an zubar da akwatunan Doris ba za a samu ko shafi ɗaya na matan masana'anta a madadinsu ba, sai dai a rasa littafin albashin masu aikin lambu da masu dafa abinci da direbobin da suka yi mata aiki, wanda ga wasunsu wataƙila shi ne kaɗai wurin da aka rubuta aikinsu da ladansu. Abin da ya kamata shi ne a ƙara wa ɗaya gefen nauyi, a je a naɗi muryar waɗanda ba su bar rubutu ba tun suna raye. Ita kanta Doris ta taɓa sa kuɗinta a irin wannan aiki: daga 1966 zuwa 1972 ta ɗauki nauyin shirin da jami'o'i bakwai suka naɗi hira fiye da 6,000 da 'yan asalin Amurka, waɗanda ake kira Indiyawan daji, kan tarihinsu da bakinsu. Wannan bai biya bashin matan Durham ba, amma ya nuna hanyar da ake cike giɓin.

Suka ta biyu ta fi dabara. Takardun sun bi ta hannun ita mai su, wadda ta yi rayuwarta tana gudun 'yan jarida, sannan ta hannun lauyoyi da gidauniyarta, suka sauka a jami'ar da ke ɗauke da sunan gidansu. A kowane mataki akwai damar a tankaɗe, a ajiye gari a zubar da tsaki. Wane tabbaci ke akwai cewa abin da ya rage ba hoton da ake so a gani ba ne? Misalin da aka fi kawowa shi ne abin da ya faru a ƙofar Rough Point ranar 7 ga Oktoba 1966, lokacin da motar da Doris ke tuƙi ta take Eduardo Tirella, mai ƙawata mata gidaje, ya mutu nan take. Cikin 'yan kwanaki 'yan sandan Newport suka rufe maganar a kan haɗari ne. Danginsa suka kai ƙara, kotu ta same ta da sakaci a 1971, aka ba su diyyar dala 75,000. Bayan shekara hamsin da ɗoriya ɗan jarida Peter Lance ya fito da littafi yana cewa kisa ne da gangan, 'yan sanda suka sake duba fayil ɗin a 2021, suka tsaya a kan matsayinsu na farko. Wanda ke tsammanin akwatunan Durham za su yanke wannan hukunci ya ɗora musu abin da ba nasu ba. Takardun gida shaidar ɓangare ɗaya ne, haka kuma ya kamata a karanta su, a gefen takardun kotu da na 'yan sanda da jaridun lokacin da bakin waɗanda suka gani. Amma tankaɗe yana da iyaka. Mai son gyara suna yakan cire wasiƙar da ta fito fili da abin kunya, ba ya zama ya bi dubban rasit ɗaya bayan ɗaya, don bai san wace tambaya za a zo da ita nan gaba ba. Wanda ya jera fayil ɗin sayen kayan Iran a 1940 bai san za a zo zamanin da asalin kayan gidajen tarihi zai zama abin tuhuma ba, shi ya sa ya bar shi yadda yake.

Hotunan ma haka suke, iri biyu ne. Akwai waɗanda aka shirya, kamar na Martin Munkácsi da ya ɗauka a Shangri La a 1939, inda komai ke wurin da aka ajiye shi don a gani. Akwai kuma na gida, waɗanda ba a yi don jarida ba, kuma su ne suka fi yawa. A cikin hotunan Hawai ana yawan ganin ta da 'yan gidan Kahanamoku, 'yan asalin tsibirin, gidan su Duke Kahanamoku da ya ci zinariya a ninkaya a gasar Olamfik ta 1912 da 1920 (sunansa bai da alaƙa da gidan su Doris, dacewa ce kawai). Tana hawan igiyar ruwa da su, tana kiɗa da ƙanensa Sam, a lokacin da manyan turawan Honolulu ba su cika zama tabarma ɗaya da 'yan ƙasa ba. Mai nazarin zamantakewar tsibirin yana da abin gani a nan, kamar yadda mai nazarin bakin tekun yake da shi, tun da hotunan ginin sun nuna yadda gaɓar take kafin a fasa duwatsu a yi mata wurin ajiye jirgi. A bayan kusan kowane hoton mai gida akwai wani abu da mai kyamara bai nufa ba, ko ma'aikaci a kan tsani, ko akwatin kaya da tambarin tashar da ya fito.

Akwai damuwar da ta rage, ta sirri. Mace ce da ta tsani a leƙa rayuwarta, ta rasa Arden, 'ya ɗaya tilo da ta haifa, a 1940 kwana ɗaya bayan haihuwa, ta yi aure biyu da suka mutu a idon duniya, ga shi yanzu ɗalibi yana iya cike fom a kawo masa fayil ɗinta a kan tebur. Wannan abin tausayi ne, kuma ya wajaba ga mai bincike ya shiga da ladabi, ya bar abin da ba ya ƙara wa kowa sani sai gulma. Sai dai ita ce da kanta ta rubuta a wasiyyarta cewa a mayar da Shangri La wurin nazarin fasaha da al'adun Musulunci, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 2002. Wanda ya gayyaci mutane su kalli kayan, ya gayyace su su tambayi inda aka samo su. Masu ziyara na shiga ƙungiya-ƙungiya suna tsayawa gaban aikin Ali ibn Muhammad, wasu na iya karanta ayoyin, da yawa ba sa iyawa. A Waramin kuma hubbaren yana nan, mutane na zuwa ziyara suna salla a ciki, suna fuskantar bangon da aka ɗauke mihrabin daga jikinsa.